Famfon ruwan sanyi yana zubo ruwan zafi: tanki ne, bututu ne, ko hita?

"Assalamu alaikum. Ina zaune a wani ƙauye a ƙaramar hukumar Ringim. Bara muka haƙa bohol a gida, muka ɗora baƙin tanki mai lita 2000 a kan ƙarfe, aka ja bututu zuwa kicin da tsakar gida da banɗakuna biyu. Da sanyi ya shigo sai na sa wa mahaifiyata hita mai lita 50 a banɗakinta. To yanzu famfon da ya kamata ya ba da ruwan sanyi, zafi yake bayarwa. Da rana na tsakar gida ba ya taɓuwa, wannan na ce ko rana ce. Abin da ya ɗaure min kai shi ne, wani lokaci da asuba in na je alwala a nawa banɗakin, inda babu hita ma, sai ruwan ya zo da zafi. Wanda ya yi mana aikin ya ce tankin ne, in canza shi da fari. Kafin in kashe kuɗi ina neman shawara."

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malam, Allah ya saka maka da alheri kan hidimar Hajiya. Maganar tanki kuma a dakata da ita tukuna.

Yadda na fahimci bayaninka, zafi biyu ne a gidanka, ba ɗaya ba. Akwai na rana a famfon tsakar gida, akwai na asuba a banɗakinka. Na farkon ana iya ɗora wa tanki wani kaso na laifinsa. Na biyun kuwa ba shi da hannu a ciki. Da asuba rana ta fi awa tara da faɗuwa, kuma da ɗumin tanki ne, da kowane famfo a gidan zai kawo shi, kullum, iri ɗaya. Kai kuwa ka ce "wani lokaci", kuma a banɗaki ɗaya. Waɗannan kalmomi naka su suka sa hankalina ya tafi kan hitar.

Ruwan da sumo, injin da ke cikin bohol, yake ɗagowa daga ƙarƙashin ƙasa a yankinmu zafinsa ba ya nisa da digiri 30, rani da damina. Shi ya sa ruwan rijiya yake da ɗumi da safiyar hunturu, a bazara kuma ka ji shi da sanyi. Ruwan bai canza ba, iskar waje ce ta canza. Saboda haka duk ruwan da ya zo maka da zafin da ya wuce na jikinka, a hanya ya samo shi. Kuma a gida irin naka masu ba ruwa zafi uku ne: rana, hita, sai injin tura ruwa in akwai shi. Aikinmu shi ne mu gane wanne ne, kuma abin da ya fi saurin tona asirinsu shi ne lokacin da zafin yake zuwa da tsawon lokacin da yake ɗauka kafin ya wuce.

Zafin rana: bututu ko tanki

Daga watan Maris zuwa Mayu, zafin iska a Kano da Jigawa yakan wuce digiri 40 a inuwa. Abin da yake kwance a tsakiyar rana kuwa ya fi haka zafi nesa ba kusa ba. Bututun da aka bi da shi ta jikin katanga ko aka shimfiɗa a kan ƙasa tamkar butar da aka manta a tsakar gida ce: ruwan cikinsa kaɗan ne, don haka nan da nan yake ɗaukar zafi.

Ga lissafin da zai taimake ka. Bututu mai rabin inci yana ɗaukar kusan lita ɗaya a kowace mita 5. In daga tanki zuwa famfon tsakar gida mita 20 ne, ruwan da ke kwance a ciki kusan lita 4 ne kacal. In mai inci ɗaya ne, ya ɗan haura lita 10. To gobe bayan azahar ka ɗauki bokiti ka buɗe famfon, ka sa bayan hannunka a gefen ruwan. In ya fara da zafi mai tsanani, sannan kafin bokiti ya cika ya sauko ya zama ɗumi-ɗumi, bututu ne. In kuwa ka cika bokiti biyu, uku, zafin yana nan yadda yake, daga tanki yake zuwa. A mafi yawan gidajen da nake shiga, ruwan da "ba ya taɓuwa" na bututu ne. Lita 2000 ba ta ɗaukar zafi da sauri haka. A hankali take ɗumama, ta kai ƙarshen ɗuminta wajen la'asar, ta riƙe shi har bayan isha'i. Sai dai in tankin ya saba zama da ruwa kaɗan a gindinsa, wannan kam yana zafi sosai, domin ƙaramin ruwa ne a cikin babbar baƙar roba.

Maganin bututu mai sauƙi ne. Wanda ke kwance a binne shi ƙafa ɗaya da rabi zuwa biyu. Wanda yake saukowa daga tanki, tunda ba ya binnuwa, a naɗe shi da soso irin na masu gyaran AC, ko buhunan algarara a ɗaure da waya. Wannan har tsawon rai yake ƙara wa bututun PVC, don rana tana busar da shi ya riƙa tsagewa. Ka kuma leƙa cikin silin. Masu aiki da yawa suna son bi da layin ruwa ta tsakanin kwano da silin saboda ya fi fasa bango sauƙi, alhali babu wurin da ya kai nan zafi a gidan da tsakar rana.

Tankin kuma rumfa yake buƙata. A yi masa inuwa ta sama da ta yamma, da zana ko kwano, a bar tazara tsakaninsu da tankin don iska ta riƙa wucewa, a kuma ɗaure da kyau saboda iskar farkon damina. Ba banza aka yi tankin baƙi ba: baƙin yana hana haske shiga, haske kuma shi yake haifar da gansakuka. In ka sayo farin tanki mai sirarar roba wadda haske ke ratsawa, an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Akwai farare masu baƙin rufi daga ciki, waɗannan suna da kyau ga wanda zai sayi sabo, amma ban ga dalilin sauke lafiyayyen tanki saboda su ba. Fenti ma ba ya kama irin wannan robar da kyau, yana ɓarewa.

Ruwan sha kuwa, a bazara babu tankin da zai ba ka abin da randa za ta ba ka. Tsattsafowar da take yi ta jikinta, iska tana busarwa, ita ke janye zafin. A kan wannan hikima Malam Mohammed Bah Abba na Jigawa ya gina tukunyarsa ta cikin tukunya mai adana kayan miya, wadda ta ba shi lambar yabo ta Rolex a 2000.

Zafin asuba

Yanzu mu zo inda gizo yake saƙar. In ka duba ƙarƙashin hitar Hajiya za ka ga bututu biyu: mai shuɗin zobe, galibi a dama, shi ne mashigar ruwan sanyi, mai jan zobe a hagu shi ne mafitar ruwan zafi. Hita ba ta da injin tura ruwa. Nauyin ruwan tanki ne yake shiga ta shuɗin ya turo na zafi ta jan. Ke nan hitar a haɗe take da layin ruwan sanyi na gidan gaba ɗaya, dare da rana. Abin da yake tsakaninsu ɗan ƙaramin bawul ne da muke kira nan-ritan, mai barin ruwa ya shiga ya hana shi dawowa. Daga nan akwai hanyoyin da zafi yake bi ya iso banɗakinka, kuma kowace da alamarta.

Hanya ta farko ita ce komawa baya ta mashigar. Ruwa yana kumbura in ya yi zafi. Daga digiri 20 zuwa 60 yana ƙaruwa da kusan kashi ɗaya da rabi cikin ɗari, wato lita 50 za ta ƙaru da kusan kashi uku cikin huɗu na lita. Kamar ba yawa, amma ya isa ya cika kusan mita 4 na bututu mai rabin inci. In babu nan-ritan, ko yana nan amma ya lalace, wannan rarar layin sanyi take komawa. Ƙari a kan haka, ruwan zafi ya fi na sanyi rashin nauyi, sama yake nema. In layin da ke ciyar da hitar daga sama ya sauko, zafin zai riƙa hawa cikinsa a hankali duk dare. In banɗakinka bango ɗaya ne da na Hajiya, layi ɗaya ya ciyar da su, kai ne farkon wanda zai tarbi wannan ruwan da asuba. Alamarsa: zafin ba ya daɗewa, kafin ka cika buta ɗaya ko biyu ya wuce, kuma sai daren da aka kawo wuta.

Me zai sa a rasa nan-ritan a sabuwar hita, alhali yawanci da shi take zuwa a kwali? Ƙarfin ruwa. Kowace mita 10 ta tsayin tanki ita ke ba da matsi na bar ɗaya. Tankunanmu na ƙauye mita 4 ne ko 5, hitar kuma an rataye ta a saman bango, to abin da ya rage na matsi kaɗan ne ƙwarai. Bawul ɗin yana da sifirin a ciki da sai ruwa ya ture shi. Mai aiki ya haɗa, ya buɗe famfo ya ga ruwan zafi yana zuwa siriri, mai gida yana tsaye a kansa, sai ya zare sifirin ɗin ko ya jefar da bawul ɗin gaba ɗaya. Na sha kwance irinsa in tarar da fanko ne. Na kuma sha tarar da lafiyayye wanda ƙwayar yashin bohol guda ta maƙale a bakinsa ta hana shi rufuwa, musamman a sabuwar rijiyar da ba ta gama washewa ba.

Hanya ta biyu ita ce miksa, famfon nan da ke gauraya zafi da sanyi, kuma ita na fi zargi a duk gidan da zafin yake daɗewa. A cikin miksa layukan biyu suke haɗuwa. In an buɗe zafi da sanyi duka, aka kuma toshe mafitar, to an yi gada tsakanin layukan. Kai kana buɗe famfon sanyi a naka banɗakin, matsin layin sanyi zai ragu, sai ruwan hita ya bi ta miksar Hajiya ya tsallako ya zo maka. Zai fara da sanyi, ya koma ɗumi, ya yi ta ƙara zafi, ba zai daina ba sai ka rufe ko hitar ta ƙare.

Wani gida da aka kira ni a wajen Dambatta, har an canza nan-ritan, an fara maganar fasa tayil. Da na shiga banɗakin dattijuwar gidan sai na ga an jona wa miksa shawar hannu mai maɓallin matsawa. Jikokinta sun daidaita mata ɗumin da take so, suka bar kawunan biyu a buɗe don kada ta riƙa wahalar murɗawa, ita dai ta matsa ruwa ya zo, ta saki ya tsaya. Na murɗa kawunan na rufe, matsalar gidan ta ƙare a nan. Ka duba ko haka ake yi a wajen Hajiya. Miksa mai hannu ɗaya ma tana yin haka ko a rufe take, in abin cikinta da muke kira katirij ya cinye ko yashi ya ƙarce shi. Ka lura da kyau: nan-ritan na gindin hita ba ya maganin wannan, domin ruwan ta hanyarsa ta daidai ya shiga hita, ta gaba ya ɓalle.

Hanya ta uku ta fi shafar masu sumo na sola. Injin ba ya aiki da dare, to in an yi amfani da ruwa da yawa, kafin asuba tanki ya ƙare. Hitar tana sama da famfonka, cike da ruwa. In babu nan-ritan, kuma iska ta samu hanyar shiga ta wani famfon zafi da aka bari a buɗe, kana murɗa famfonka ruwan hitar ne zai gangaro maka. Alamarsa ruwa mara ƙarfi, yana tari yana fitar da iska. Wannan ya fi sauran ɓarna, don in aka kawo wuta hitar babu ruwa, elemen ɗinta, wato ƙarfen da ke ɗumama ruwan, zai ƙone.

Akwai kuma bututun zafi da na sanyi da aka cusa a rami ɗaya cikin bango suna manne da juna. Wannan ɗumi kawai yake bayarwa na ɗan lokaci, ba na damuwa ba ne.

Gwajin da za ka yi da kanka

Mafi sauƙi: ka kashe wutar hitar, ka rufe bawul ɗin mashigarta, ka bar ta haka dare biyu ko uku. Hajiya ta yi haƙuri da ruwan murhu. In zafin asuba ya ɗauke, ka tabbatar hita ce.

Sai gano hanyar. Wutar hita a kashe, mashigarta a rufe, duk famfunan gida a rufe, ka buɗe ɓangaren zafi kaɗai na famfo ɗaya. Ya kamata ruwa ya ɗan zubo ya tsaya, tunda ka toshe abin da ke turo shi. In ya ci gaba da zuba babu tsayawa, to ruwan sanyi yana tsallakowa layin zafi ta wani wuri, wato akwai gada. Ka bar shi yana zuba, ka bi miksa-miksan gidan kana rufe ƙananan bawul ɗin da ke ciyar da kowace, ɗaya bayan ɗaya. Wadda kana rufe ta ruwan ya tsaya, ita ce. In an rufe duka bai tsaya ba, ko dai bawul ɗin mashigar ne ba ya rufuwa da kyau, ko an haɗe layukan a cikin bango bisa kuskure, wannan kuma sai mai aiki.

In babu gada, ka mayar da komai yadda yake, ka tabbatar hitar ta cika ruwa kafin ka kunna. Bayan ta yi zafi, ka bi bututun shuɗin da hannu daga gindinta zuwa baya. Ɗumi na taƙi ɗaya ko biyu ba komai ba ne, ƙarfe ne ya ɗauka. In ɗumin ya bi ka mita ɗaya, biyu, har ya shige bango, nan-ritan ne. A jikinsa akwai kibiya, dole ta kalli hita.

In za a sa sabo kuma ƙarfin ruwanka kaɗan ne, akwai nan-ritan mai ɗan murfi da ke lilo, ba shi da sifirin, ruwa mara ƙarfi ma yana buɗe shi. Sai dai yana da sharaɗi: a kwance ake sa shi, ko a tsaye inda ruwa yake hawa sama, ba inda yake saukowa ba. A sa matacin yashi a layin da ya fito daga tanki, shi zai kare bawul ɗin da miksa gaba ɗaya.

Abin da ba a wasa da shi

Da zarar nan-ritan ya fara aiki, rarar ruwan nan da ta saba komawa baya ba ta da wurin zuwa. Shi ya sa ake haɗa shi da sefti bawul, mai ɗan baki a gefe da yake ɗiga lokacin da hita take ɗumama ruwa. Wannan ɗigar aikinsa ke nan, ba lalacewa ba ce. Na ga inda aka toshe bakin da ƙusa da gam saboda yana jiƙa tayil. Kada ka yarda kowa ya yi maka haka. A sa masa siririn tiyo ya sauka magudana. Hitar da aka toshe wa gaba da baya, tamostat ɗinta, mai yanke wuta in ruwa ya kai zafin da aka saita, kuma ya mutu, tana iya fashewa.

Mutuwar tamostat tana da alamu: ƙarar tafasa a cikin hita, tururi daga famfo, ruwa yana fita da tofi. In ka ga haka ka kashe wutar nan take. Lafiyayyar hita a saita ta wajen digiri 60. Ƙasa da haka sosai, musamman tsakanin 20 da 45, shi ne ɗumin da ƙwayar cutar Legionella mai kawo ciwon huhu take yaɗuwa a ruwan da ke kwance. Amma ruwa mai digiri 60 yana ƙona fata cikin 'yan daƙiƙu, fatar tsofaffi da ta yara kuma ta fi saurin ƙuna. Shi ya sa ban ɗauki matsalarka ƙarama ba: yaron da ya buɗe famfon sanyi ba ya tsammanin zafi. Bututun PVC ɗin layin sanyi ma iyakar juriyarsa digiri 60 ne. In ruwan hita yana yawan ratsa shi, gam ɗin mahaɗai zai saki, wata rana ka ga bango ya jiƙe. Layin zafi aikin PPR ne, koren nan da ake haɗawa da wuta.

Ba ka ambaci injin ƙara ƙarfin ruwa ba, amma in akwai shi a gindin tanki, shi ma a duba. Injin da na'urar kashe kansa ta lalace yakan yi ta juyi famfuna a rufe, ya yi ta kaɗa ruwa ɗaya har ya yi zafin da zai lanƙwasa bututun bakinsa. Taɓa jikinsa kawai zai gaya maka. Haka hitar sola ta kan rufi, ga masu ita: ruwanta yana kusan tafasa a bazara, kuma duk abin da na faɗa kan miksa da nan-ritan ya shafe ta.

Ban ga gidanka ba, ban san yadda aka bi da layukan cikin bango ba, don haka abin da na ba ka hanyar bincike ce, hukuncin sai abin da gwajin ya nuna. Akwai kuma wurin da aikina ya tsaya. In wani a gidan ya taɓa jin famfo ko ruwan shawa ya ɗan ja shi, ko da kaɗan ne, wannan ba maganar bututu ba ce, wuta ce take zuba daga elemen, kuma mai yiwuwa ba a yi wa hitar wayar ƙasa ba. A kashe ta daga babban makunni, kada kowa ya yi wanka a banɗakin, a kira ƙwararren mai aikin lantarki ya gwada elemen ɗin, ya kafa wayar ƙasa, ya sa na'urar da ke yanke wuta da kanta in ta fara zuba.